Tsuntsun da ke cafke maka ƙudan zuma a bakin Challawa

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce kana zaune a cikin birni, amma kana da gona wajen Tamburawa inda ka rataya amya goma sha biyu a kan ɗorawa da tsamiya. Tun da ruwa ya ɗauke ka lura da wasu tsuntsaye koraye masu jan maƙogwaro suna zama a reshe suna cafke ƙudan zumarka a iska. Yaranka sun gano ramukansu a jikin gaɓar wani kwazazzabo da ke gangarawa kogi, suna so su toshe su da laka, su bi tsuntsayen da danƙo. Kana son sanin wane tsuntsu ne, me ya hana zuma ta harbe shi, kuma ko zai ƙarar maka da zuma.

Kafin komai, don Allah ka dakatar da yaran nan. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a nan Kano, kuma shekaru da yawa ina kai ɗalibai bakin kogi kallon tsuntsaye. Wannan tsuntsu na san shi sosai. Gaskiya ne yana cin zuma, ba zan ɓoye maka ba, amma abin da yake ɗauka bai kai a rushe masa gida ba, kuma in ka ji yadda yake gina gidan za ka gane nauyin abin da yaran ke shirin yi.

Bisa siffar da ka bayar, wanda ka gani shi ne mai-cin-zuma mai jan wuya, wanda masana ke rubutawa da sunan Merops bulocki. Tsawonsa santimita 20 zuwa 22, wato taƙi guda na babban mutum, nauyinsa kuwa bai kai giram 30 ba. Bayansa da fukafukansa kore ne shar, maƙogwaro ja wur, ƙeya da ƙirji launin ƙasa mai ɗaukar ruwan goro. In ya juya maka baya ya tashi, dubi ƙarƙashin jelarsa: shuɗi ne mai duhu, kai ka ce an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Akwai baƙin zane da ya taso daga baki ya ratsa ido kamar an ja masa kwalli, kuma wannan zanen kusan duk danginsa suna da shi. Bakin baƙi ne, siriri, dogo, ya ɗan lanƙwasa ƙasa, tsininsa yana kamu kamar hantsaki. Tsawon bakin nan shi ke nesanta ƙwaro mai harbi daga idonsa. Ƙafafunsa gajeru ne ƙwarai, yatsun gaba a manne suke da juna daga tushe, shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa yana yawo a ƙasa kamar kurciya ba. Ƙafar ta zama ce a reshe da kuma turo ƙasa daga rami. Mace da namiji kamarsu ɗaya, ni kaina ba na bambance su sai in na ga wanda ke miƙa wa wani abinci. Wani lokaci, cikin ɗari ka sami ɗaya mai wuya ruwan ɗorawa maimakon ja. Ba wani iri ba ne daban, ɗan gidan ne.

Danginsu a duniya kusan iri 30 ne, wajen 20 a nan Afirka, sauran a kudancin Turai da Asiya, ɗaya a Ostareliya. Babu su a nahiyar Amurka. Mu a ƙasar Kano muna da rabo mai kyau. Akwai ɗan ƙarami mai santimita 15 zuwa 17, wuyansa rawaya da baƙin ɗigo a ƙasan wuya kamar laya, yana son zama ƙasa-ƙasa a kan karan dawa ko ciyawar fadama, kuma shi ba ya zaman taro, daga shi sai matarsa. Akwai kore tsantsa mai siririyar jela kamar allura, wanda ya fi son busasshiyar ƙasa mai ƙaya, in ka nufi Ɗambatta ko Kazaure za ka gan shi a kan wayar lantarki. Akwai mai farin wuya da baƙar hula, shi kuma ɗan ci-rani ne na gaske: da damina yana bakin hamada, a Nijar da Chadi da can ƙuryar arewacinmu, yana haihuwa cikin yashi, da rani kuma sai ya gangara kurmi. Wajen Mayu zuwa Yuni yake wuce mu zuwa arewa, Oktoba zuwa Nuwamba ya dawo. Garke-garke suke tafiya da rana suna kuka mai daɗi, har a tsakiyar birni, in ka ɗaga kai daga saman Goron Dutse, kana iya jin wucewarsu.

Sai babbansu, jiriri, ja mai ɗaukar ruwan hoda, kansa shuɗi-kore, da dogayen gashin jela biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ƙunar daji ya san shi. Da hayaƙi ya tashi sai ka ga sun zo daga nesa suna shawagi a bakin wuta, suna kama farar da zafi ya tayar. Har bayan dabba yake hawa, akuya ko tunkiya ko tuje, yana jiran ƙwarin da ƙafarsu za ta tayar daga ciyawa. Shi fara ce babban abincinsa, don haka manomi ba shi da abokin da ya fi shi. Yana haƙa ramuka ɗaruruwa, wani wurin dubbai, a manyan gaɓoɓin koguna irin su Kwara da Binuwai.

Mu dawo kan naka, da maganar harbi, domin nan ne abin mamakin yake. Farautarsa ta zaune ce. Ya sami busasshen reshe ko waya inda yake hangen fili, ya zauna yana juya kai hagu da dama. Idonsu yana da ƙarfi sosai: ɗan'uwansa na Turai yana hango ƙudan zuma daga nisan mita 60. Da ya hango sai ya zabura, ya sha gabansa, ka ji ɗan ƙas na haɗuwar baki, ya yi kwana ya dawo reshen da ya bari. To daga nan ka zuba ido da kyau, don aikin bai wuce daƙiƙa goma ba. Zai fara buga kan ƙudan a jikin reshe, sau biyu ko uku, har ya sume. Sai ya juya shi a baki ya riƙe shi ta can ƙarshen ciki, ya rufe idonsa, ya goga gindin a jikin icen da sauri, gefe da gefe, kamar mai wasa wuƙa. Wannan gugar ita ke matse dafin ya fita, sau da yawa har ƙarin ya tsinke ya zauna a jikin reshe. Rufe idon kuwa don kada dafin ya fantsama masa. Sai ya ƙara buga kan sau ɗaya, ya wurga shi cikin maƙogwaro. Zuma ga zaƙi ga harbi, shi kuwa Allah ya sanar da shi yadda zai raba su.

In shinge ya kama ko mazari ko malam-buɗe-littafi, ba ya wannan guga, bugawa kawai yake ya haɗiye. Wato yana gane mai dafi da marar dafi. Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne wani Bature masanin tsuntsaye, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960, kuma daga baya, a 1984, ya fitar da littafi sukutum a kan wannan dangi. Yawancin abin da duniya ta sani game da mai jan wuya a kwazazzaban Zariya aka gano shi, nan kusa da mu. An gwada ɗan tsuntsun da aka raina a hannu, bai taɓa ganin iyayensa suna yi ba: ran da aka fara ba shi ƙudan zuma sai ya kama bugawa da gugawa da kansa. Ya sha harbi a 'yan karon farko, amma kafin ya ci goma ya ƙware kamar babba. Ashe ana harbinsu jefi-jefi, sai dai harbin ba ya kashe su.

Abin da cikinsa bai iya narkarwa, ɓawon kai da fukafukai da ƙafafun ƙwari, yana dunƙule shi ya amayar sau da yawa a yini, baƙin curi mai kamar ƙwallon dabino ƙarami. Ka tuna da wannan curin, zan dawo kansa.

Yanzu ramukan. Wannan tsuntsu ba ya saƙa sheƙa a bishiya, a ƙasa yake haihuwa. Mai jan wuya yana zaɓar gaɓa a tsaye, wadda ruwa ya yanka, mai ƙasa da ba ta cika yashi ba kuma ba ta cika yumɓu ba. Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne lokacin da yake haƙa. Ƙwai ba zai yi ba sai tsakiyar rani, wajen Janairu zuwa Maris, amma a lokacin ƙasar gaɓa ta bushe ta yi tauri kamar bulo, bakinsa ba zai iya da ita ba. Don haka tun a ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ƙasa na da sauran danshi, yake yin ginin ya ajiye. Miji da mata ke karɓa-karɓa: a sassaƙa da tsinin baki, a turo ƙasar baya da ƙafa, ka ga ƙura tana fitowa daga bakin rami kamar ana sheƙe hatsi. Aikin yakan ci kwana goma zuwa ashirin, har bakin ya ɗan lashe, daga baya ya sake tsiro. Ramin faɗinsa bai wuce a zura yatsu uku ko huɗu ba, zurfinsa ya kai kamu biyu, wani har mita guda, ƙarshensa a buɗe kamar ɗan ɗaki. Na jiriri yakan kai mita biyu ko fiye.

To ka ga ramukan da yaranka suka gani yanzu babu ƙwai a ciki tukuna, amma su ne dukan jarin shekarar. In aka toshe su a watan Nuwamba, ƙasa ta riga ta bushe, sake haƙa wasu sai da wahala mai tsanani, galibi haihuwar bana ta wuce su ke nan. Na ga irin wannan da idona. Akwai wata gaɓa da nake kai ɗalibai, mai ramuka wajen talatin. Wata Asabar cikin Fabrairu muka isa da sassafe muka tarar masu ɗiban yashi sun yanke ta, tifa ta kwashe. Tsuntsayen suna nan a kan wata ƙaya, kowanne da ƙwaro a baki, suna tashi su nufi inda ramin yake dā, su tsaya a iska suna kaɗa fukafukai, su koma. A ƙasa muka tsinci ɓawon ƙwai da 'ya'ya tsirara biyu sun riga sun sandare. Wata ɗaliba ta juya baya tana share hawaye, ni ma ranar ban iya ci gaba da darasi ba. Ban ga laifin neman abincin kowa ba, gini a Kano kullum ƙaruwa yake kuma yashi ake nema, amma da sun matsa gaba taku hamsin da ba a yi wannan asara ba.

In lokacin ƙwai ya yi, namiji zai riƙa kamo manyan ƙwari yana miƙa wa macen, tamkar toshi. Hakan yana ƙara mata ƙarfin yin ƙwai. Tana yin biyu zuwa huɗu, farare tas, masu sheƙi, kusan a mulmule, a kan ƙasa tsura babu shimfiɗa. Fari ne domin a cikin duhun rami ba a buƙatar launin ɓoyo. Ba rana ɗaya take zuba su ba, tsakanin kowanne akwai kwana ɗaya ko biyu, kuma kwanci yana farawa tun ba a gama ba. Su biyun suke kwancin, kimanin kwana 20. Saboda haka 'ya'yan ba sa ƙyanƙyashewa tare, akwai babba akwai auta. In abinci ya wadata duk su rayu. In shekara ta yi tsanani, babban ne ke tare bakin rami ya karɓe abinci, autan ya rame ya mutu. Abin da ban tausayi, amma ta haka gidan ke tsira da wani abu maimakon a rasa duka.

Suna fitowa tsirara, jajaye, ido a rufe. Ba a share ɗakin. Curin amai da kashi a nan suke taruwa a tattake su su zama dandaɓe, shi ya sa in ka kai hanci bakin ramin da ke da 'ya'ya za ka ji zarni mai ƙarfi. Kwana 30 ko kusa da haka suke yi a ciki. Akwai lokacin da ɗan yakan fi uwarsa nauyi, sai iyayen su rage kawo abinci, ya saɓe, ya fito ya tashi. Bayan fitowa ma ana ci gaba da ciyar da shi makonni yana koyon kamu a iska, wanda shi ne mai wuyar, ba cire dafi ba. Shekara na zagayowa ya isa haihuwa. Cikin waɗanda aka sa wa zobe a ƙafa, an sake kama wasu bayan shekara biyar zuwa shida.

Ga wani abu da na tabbata zai yi maka daɗi a matsayinka na mai gona da 'ya'ya. In ka zauna ka ƙirga masu shiga rami ɗaya da abinci, wani ramin za ka ga uku ne, ba biyu ba. Na ukun yawanci ɗansu ne na bara wanda bai sami mata ba, ko wanda nasa ramin ya lalace, ya dawo yana taya iyayensa ciyar da ƙannensa. Gandu ke nan sak, irin wanda muka taso muka gani a ƙauye. Fry ya rubuta wannan a kan tsuntsayen Zariya. Daga baya wasu masana biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, Stephen Emlen da Peter Wrege, suka shafe shekaru a Nakuru ta ƙasar Kenya suna bin wani ɗan'uwansa mai farin goshi, suka ga gidan da ke da mataimaki ya fi fitar da 'ya'ya, kuma mataimakin ya fi karkata ga danginsa na kusa. Har sun ga uba yana takura wa ɗansa da ya yi sabon aure, yana tare masa bakin rami, sai ɗan ya haƙura ya dawo gandu.

Maƙiyansu ba kaɗan ba ne: maciji, guza, tunku, shaho a sama, da ambaliya in ruwa ya yi saurin sauka. Akwai kuma tsuntsun nan da ke yi wa masu ɗiban zuma jagora zuwa kogon bishiya a daji. Macensa ba ta kwanci, sai ta saci jiki ta shiga ramin mai-cin-zuma ta ajiye ƙwanta. Ɗanta yana ƙyanƙyashewa da ƙugiya mai kaifi a tsinin baki, tun ido a rufe yake kashe 'ya'yan masu gida, su kuma su yi ta ciyar da shi.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi damunka. Mu yi lissafi. Na Turai, wanda ya ninka naka nauyi, yana buƙatar ƙwari masu girman ƙudan zuma wajen 225 a rana. Naka bai kai haka ba, kuma ba zuma kaɗai yake ci ba, yana haɗawa da shinge, tururuwa masu fiffike, buzuzu, fara, zanzaro da rina. Rina kuwa ita ma maƙiyiyar zuma ce. A ɗaya gefen, sarauniya mai ƙarfi tana zuba ƙwai 1,500 ko fiye a rana in furanni sun buɗe. Ma'aikaciyar zuma a lokacin aiki ba ta wuce mako shida a duniya, don haka amya mai ƙuda 30,000 tana rasa wajen 700 kullum don tsufa kawai, ko da tsuntsu ko babu. Ka raba abin da 'yan tsuntsayen nan ke ɗauka a kan amya goma sha biyu, ka haɗa da zumar daji da ke kogunan kuka da ƙudan amyoyin maƙwabta, za ka ga amya lafiyayya ba ta jin wannan.

Inda ɓarna ke yiwuwa wuri biyu ne. Na farko, in babban garke ya sauka daidai kan amyoyi ya yi kwanaki, ƙudan kan ji tsoro su ƙi fita kiwo, aiki ya tsaya. Wannan ya fi faruwa da masu wucewa lokacin ƙaura, kuma ba ya daɗewa. Na biyu, sabuwar sarauniya in ta fita barbara. Ita ɗaya ce, tana da girma, tashinta a hankali, in aka cafke ta amyar na iya mutuwa. Maganin duka biyun yana hannunka. Amyar da ke fuskantar fili ko ke kusa da gaɓar, ɗauke ta da dare ka mayar cikin duhuwar bishiyoyi, nesa da ramukan gwargwadon faɗin gonarka, domin shi maharbin fili ne, ba ya iya kwana da sauri a cikin rassa. Sare busassun rassan da suka miƙo kusa da bakin amya, ka hana shi wurin zama. Ajiye kasko da ruwa a inuwa, ka jefa 'yan karare a ciki don ƙudan su sami madafa, hakan zai rage musu zuwa kogi, wanda a hanyarsa ne aka fi kama su. In kana da akwatin zamani na kiwon zuma kana raba gida, wato raba ƙudan biyu su yi sabuwar sarauniya, kada ka raba a makonnin da garken masu farin wuya ke wucewa. In suka matsa, yaro ɗaya da gwangwani da sanda da hantsi ya isa ya kore su.

A abin da na gani wajen masu amya a Kura da Bunkure da bakin Tiga, abin da ke kashe zuma da gaske shi ne feshin maganin ƙwari da rana tsaka a kan wake ko kankana suna fure, da ɗiban zuma da wuta har a ƙone 'ya'ya, da sare ɗorawa da gawo. Feshi ɗaya a gonar maƙwabci yana iya zubar maka da abin da tsuntsayen nan ba za su ci a wata guda ba. In akwai mai noman rani kusa da kai, ka roƙe shi ya riƙa feshi da yamma lis bayan ƙuda sun koma, ya kuma sanar da kai kwana guda kafin ya yi.

Kuma kada ka tsaya kan maganata. Ka je da yaran da sanyin safiya, yanzu da hunturu ya shigo. Za ku same su a reshe ɗaya sun jeru sun matsu da juna, shida ko takwas, duk sun fuskanci gefe guda, gashi a kumbure suna jiran rana ta ɗaga. Ku duba ƙarƙashin reshen da suka fi zama, ku tsinci curin nan guda goma, ku murje su a kan farar takarda. Kan ƙudan zuma a bayyane yake, baƙi mai kusurwa uku, ba ya ɓata. Ku ware shi gefe, ku ware na rina da buzuzu da tururuwa gefe, babban yaron ya rubuta adadin. Ku sake yin haka a Fabrairu lokacin da suke ciyar da 'ya'ya, sannan ka aiko mini da abin da kuka samu in taya ka dubawa. Allah ya sa albarka a amyoyin, a gaishe da yaran.